Ado Ko Birki? Ra'ayina A Kan Gyaran Babur Ɗin Farko

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Jiwa. Ban ko gama ajiye jakata ba sai ƙanena ya jawo ni bayan ɗaki, ya yaye wani buhu, sai ga tsohon babur a jingine da bango. Shekara biyu ya yi yana tara kuɗinsa, daga ƙwadagon kaftu da dakon bulo a wuraren gini. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Yaya, saura dubu 30 a hannuna. Wace irin salansa ka ga ta fi dacewa da shi?" Na duƙa na shafa tayar baya, na ji ta sumul kamar tafin hannu. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Nan take gabana ya faɗi, domin kuwa irin wannan tambaya na taɓa yi ina da shekarunsa, kuma na san inda ta kai ni.

Wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne: yaron da ya sami babur ɗinsa na farko, kuɗinsa kuma ba su da yawa, to ya fara kashe su a kan abin da ke taɓa ƙasa da abin da ke tsayar da babur, ado ya jira. Iyaye kuma kada su tsaya ga hani kawai, su shiga cikin lamarin. Ni Gbagyi ne, wato mutanen da Hausawa ke kira Gwari, kuma a kasuwa da gareji na fara tsintar Hausata kafin in zo jami'a a gyara mini ita. Saboda haka in mai karatu ya ci karo da gwaranci a wani wuri, sai ya yi mini uzuri, gado ne.

Me ya sa sai babur?

Jiwa tsohon gari ne mai sarki, yana nan tun kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a shekarar 1976, kuma tun kafin a dawo da mazaunin gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991. Muna maƙwabtaka da Gwagwa da Dei-Dei da Karmo, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar birni da kewaye. Wanda ya san Abuja a talabijin zai ɗauka ko'ina kwalta ce da fitilu. To amma da zarar ka bar babban titi ka nufi gona, labari ya sha bamban. Da damina taɓo ne da zaizaya da ƙoramu, da rani kuma rairayi da ƙura. Bugu da ƙari, birni yana ta cin filaye, gonakin da suka rage wa mutane sai ƙara nisa suke yi. Iyayenmu mata, waɗanda aka sani da ɗaukar kaya a kafaɗa, su suka fi kowa jin wannan nisa a jikinsu.

Ke nan a wurinmu babur shi ne jakin zamani. Shi ke kai taki, shi ke dawo da doya, shi ke kai mara lafiya bakin titi da tsakar dare. Tun daga watan Oktoba na 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja aka hana acaɓa a cikin birni, sana'ar ta tattara ta koma garuruwan gefe irin namu, tare da makanikanta da masu facinta. Yaron da ya tashi a nan ya buɗe ido ne ya ga Jincheng ɗan Sin da Boxer ɗan Indiya suna kaiwa da komowa, ga kasuwar kayan gyara a Zuba, ga 'yan gwangwan da ake tsintar tsofaffin ƙarafa a wurinsu. Sabon babur kuwa ya fi ƙarfin ɗan talaka, don a shekarar 2024 farashin sabon Boxer ya haura Naira miliyan ɗaya. Abin da yaro zai iya samu shi ne kwance, wanda ɗan acaɓa ya gama cin moriyarsa. Irin wannan babur ba a ƙera shi don daji ba, kuma ya riga ya gaji. Dole a yi masa gyara, tambayar ita ce wane gyara za a fara.

Abin da ya same ni

A shekarar 2019 na gama sakandare ina da shekara 17. Na yi ta lodin katako a kasuwar Dei-Dei har na haɗa Naira dubu 60. Na sayi tsohon Jincheng a kan dubu 45, saura dubu 15. Bakaniken unguwarmu, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya juya babur ɗin ya duba, ya ce, "Ɗana, injin nan zai kai ka shekara biyu in ka kula da shi. Amma tayar baya ta mutu, birkin ma ya mutu. Kawo kuɗin nan mu fara da su." Na ce, "To Baba, zan dawo." Ban koma ba.

Washegari na tafi da abokaina muka yi sayayya. Na sa aka huda salansa aka cire abin da ke rage mata ƙara. Na sayi fitilu shuɗɗa masu walƙiya guda huɗu, da ham mai kukan babbar mota, da rigar kujera mai geza, da sitika har da ta ƙungiyar ƙwallon da nake goyon baya. Madubai kuwa na kwance su na jefa ƙarƙashin gado, wai na tsofaffi ne. Kafin la'asar dubu 12 sun tafi, sauran na sha mai, lokacin lita tana Naira 145. Mako uku na yi ina jin kaina a sama. In na murɗa totur a bakin kasuwa, kowa sai ya waiga.

Ranar wata Asabar a cikin watan Agusta, mahaifina ya ce in kai buhun taki gona, in tafi da ƙanwata mai shekara 12 ta kai wa masu noma abinci. An kwana ana ruwa. Muka ƙetare ƙorama ta farko lafiya, ruwa ya shiga birkin da dama can ba shi da sauran ƙarfi. Da muka zo gangaren ƙorama ta biyu na taka, ya ƙi kamawa. Na ƙara takawa da ƙarfi, ya cije gaba ɗaya, tayar nan mai sulɓi ta zame a kan taɓo, babur ya juya da mu. Ni na tashi da ƙujewa kawai. Ƙanwata ta faɗa a kan dutse, hannunta na dama ya karye a kusa da gwiwar hannu. Ba ta da hular kwano, ni ma ba ni da ita, kuma tazarar da ke tsakanin kanta da dutsen nan ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Mahaifina ya sayar da awaki biyu da doyar da ya ajiye ta iri kafin a gama jinya. Bai doke ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Fitilunka suna nan lafiya?" Har yau hannun yarinyar nan ba ya miƙewa sosai, kuma duk lokacin da na ga tana juya takarda gefe don ta iya rubutu, sai in tuna kuɗin shu ɗin birki bai kai na ham ɗin da na saya ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fita ba.

Ina ya kamata kuɗin su tafi?

Bayan wannan na koma wurin Baba da kunya, na yi kusan shekara ina miƙa masa sifana kafin in sami gurbin karatu. Abin da zan jero a nan daga gare shi na koya, kuma na jera su ne bisa tsarin da nake ganin ya kamata kuɗi su bi.

Na farko birki. Irin waɗannan babura birkinsu a rufe yake a cikin cibiyar ƙafa, shu biyu ne ke buɗewa su matse ta daga ciki. In fatarsu ta cinye, ƙarfe ke gugar ƙarfe, wani lokaci ya ƙi kamawa, wani lokaci ya cije. A canja na gaba da na baya tare da wayar birki. Yara da yawa suna tsoron birkin gaba, har wasu su bar shi a tsinke, alhali a kan busasshiyar hanya shi ne ya fi tsayar da babur, domin in an rage gudu nauyi gaba yake komawa. A kan taɓo ne ake kama shi a hankali. Sannan duk lokacin da aka ƙetare ruwa, a ɗan riƙa taɓa birki ana tafiya sannu har ya bushe, tun kafin a kai gangare. Da na san wannan kaɗai, da wataƙila ban rubuta wannan maƙala ba.

Na biyu taya. Duk girman babur, abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Taya mai manyan ƙuraje tana nutsa cikin laka ta sami abin riƙewa, mai sulɓi kuwa shawagi take yi a kai. In kuɗi ba za su sayi biyu ba, a canja wadda ta fi mutuwa, a fara tarin kuɗin ɗayar nan take. A cikin rairayi rage iska kaɗan yana taimakawa, amma in ta yi ƙasa da yawa dutse zai matse tif da gargare ya huda shi. A kuma riƙa ɗaure wayoyin ƙafa, don ramuka suna kwance su. Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi: a ɗaga madigadin gaba sama kaɗan, saboda laka ta daina cushewa tsakaninsa da taya har ta riƙe ƙafar.

Na uku hular kwano, guda biyu, ta mai tuƙi da ta wanda aka goya. Na san ba a son ta. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su yaudari jami'ai, aka yi ta dariya har a kafafen watsa labarai na ƙasashen waje. To amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya nuna cewa sa hular yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. Rahoton ya kuma ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu ne ke nan, da ƙannenmu.

Na huɗu sarƙa da fayafayan nan biyu masu haƙora da take hawa. In za a canja, a canja su ukun tare, don tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. A nan ne ma yaro mai son dabara zai nuna basirarsa da kuɗi kaɗan. Misali, in na gaba yana da haƙora 14, na baya 42, to sai na gaba ya juya sau 3 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. In aka sa na baya mai haƙora 45, ƙarfin ja zai ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100, gudu kuma ya ragu da kusan haka. Mai hawa tudu da buhun taki ƙarfi yake bukata, gudun ba inda zai kai shi. A bar wa sarƙa sassauci kamar faɗin yatsu biyu, a wanke ta, a sa mata mai.

Na biyar numfashin inji. Akwai soso da ke tace iska kafin ta shiga kafireta. Wasu yara suna cire shi wai don babur ya ƙara kuzari. Abin da ke biyo baya shi ne ƙurar hunturu ta shiga ta zauna tsakanin fistin da bulo tana gurzar su, kafin damina ta zagayo sai hayaƙi da garambawul. A wanke soson, a shafa masa ɗan mai, a mayar. Haka nan yaro ya san irin injinsa. Tsohon Jincheng irin nawa yana ƙona baƙin mansa ne tare da fetur, saboda haka in ya ƙare inji ya kama. Boxer kuwa nasa a cikin inji yake kwance, juye shi ake yi a kan lokaci. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta kai ga haura Naira dubu a Abuja a ƙarshen 2024, injin da ke shan mai a banza ya zama ɓarawo a cikin gida.

Sai kuma abin da bai kamata a taɓa ba. Huda salansa ƙara kawai take ƙarawa, sau da yawa ma ƙarfin da ake bukata a hawa tudu raguwa yake yi. Tarin fitilu yana shanye batir, haɗin waya na ganganci kuma yana jawo gobara. Walda a kan ƙashin babur don a tsawaita kariya tana iya raunana shi ya karye da kaya a kai. Madubi kuwa ido ne, babu mai hankalin da zai ƙwaƙule idonsa don gayu.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na san abokaina za su ce na tsufa da wuri. Za su ce yaro ya sha rana ya tara kuɗinsa, me zai hana ya ji daɗinsu? Ai ko manyan direbobin tirela suna yi wa motocinsu zane da kirari. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ban ce ado haramun ba ne. Son a gan ka a yaba yana cikin ƙuruciya, wanda ya ce bai taɓa jin sa ba ya manta ne. Abin da na ce shi ne kowane abu da lokacinsa. Direban tirelar nan sai da ya tabbata da birkinsa kafin ya kira mai fenti. Sitika ba ta ruɓewa a shago, za ta jira ka har kaka. Taya mai sulɓi kuwa ba ta jiran kowa. Har ila yau, babur ɗin gona ba na mutum ɗaya ba ne. Ranar da ka goya ƙanwarka ko mahaifiyarka, zaɓin da ka yi a kasuwa ya hau kansu, alhali ba a yi shawara da su ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai iyayen da za su ce maganin abin shi ne a hana yara babur kwata-kwata. Suna da hujja, domin doka ba ta ba da lasin ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ni kaina na karya wannan doka, ba na alfahari da haka. Ra'ayina shi ne yaron da bai kai ba kada ya hau titi, kada kuma ya goya kowa. To amma hani kaɗai ba ya aiki a garin da uba da kansa zai aiki ɗansa gona da babur saboda ba shi da wani ɗan aike. Yaron da aka hana a gida zai ari na aboki a ɓoye, wanda ba wanda ya duba birkinsa. Abin da ya fi shi ne uba ko kawu ya raka yaro wurin saye, ya tabbata an karɓi rasit da takardu don kada a sayi na sata, ya riƙe makulli har a gama gyaran da ya wajaba. Watannin da suka rage kafin ya cika 18 kuma ya yi su a gaban bakanike, yana kwancewa yana ɗaurawa.

Ina ma ganin wannan zama a gareji makaranta ce da muke rainawa. Soichiro Honda na ƙasar Japan yaron gareji ne tun yana ɗan shekara 15. A 1946 ya fara ɗaura ƙananan injinan da sojoji suka bari a jikin kekuna, a 1948 ya kafa kamfanin da yau duniya ta san shi. A nan gida, Innocent Chukwuma na Nnewi da kayan gyaran babur ya fara kafin ya kai ga ƙera motocin Innoson. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Ba ina cewa duk yaron da ya riƙe sifana zai zama Honda ba ne. Amma wanda ya gane dalilin da ya sa haƙora 45 suka fi 42 ja, ya fahimci lissafin da malami ya yi ta fama da shi a allo bai shiga ba. Ni kaina a can na fara lura da yadda Bahaushe ke cusa wasali tsakanin baƙaƙen baƙuwar kalma har ta zauna a bakinsa, ya ce fulogi, ya ce kuloci, tun kafin in ji sunan abin a aji.

Kammalawa

A ƙarshe, ga yadda muka kwashe da ƙanena. Na kira ƙanwarmu na ce ta miƙa hannunta a gabansa. Ya san labarin, amma lokacin yana ƙarami, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da na saya da kuɗina a wancan mako. Na gaya masa duka, har da ham ɗin. Ya yi shiru. Washegari muka tura babur ɗin zuwa wurin Baba, wanda yanzu ido ya fara ba shi matsala, yaransa ke aikin yana zaune yana ba da umarni. Dubu 30 ɗin ba su isa komai da komai ba. An canja birki gaba da baya, an sa tayar baya, an wanke soso. Hular kwano ni na ɗauki nauyinta daga kuɗin makarantata, makulli kuma yana hannun mahaifinmu sai watan da zai cika 18 ya yi lasin. Ya roƙi a bar masa sitika ɗaya, Baba ya yi dariya ya ce, "Manna abinka ɗana, ita ba ta kashe kowa."

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, yawancinmu muna da ƙanne a gida, kuma suna jin maganarmu fiye da yadda suke jin ta iyaye, saboda suna ganin mun fita mun ga duniya. In kun je hutu kuka tarar da babur a bayan ɗaki, kafin ku yaba fentinsa ku duƙa ku shafa tayar, ku taka birkin. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.